Kada a Yi wa 'Yar Likkafa Kuɗin Goro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya ina zaune a Yelwan Yauri, kuma rabona da rubuto wa jarida tun zamanin da ake lasar kan sarki a manna a ambulan. Hoto ne ya tayar da ni yau. Kwanakin baya jikana ya miƙo mini wayarsa in ga hoton da kuka buga na tarin makaman da aka ƙwato, aka jibge za a lalata. Na sa tabarau, na ce ya buɗa mini hoton da yatsunsa. Galibi abin da kowa ya sani ne: AK-47, da bindigogin toka, da irin waɗanda maƙera ke haɗawa da bututun famfo. To can gefe, ƙarƙashin wata adaka da icenta ya tsage, sai na hango wani dogon zoben ƙarfe a bayan kunama. Gabana ya faɗi. Duk wanda ya tashi a gidanmu, ko cikin duhu ya shafa wannan zobe ya san shi.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, maharbi ne, kuma yana da irin wannan bindiga. 'Yar Likkafa yake ce mata, don zoben nan ya yi kama da likkafar sirdi, sai dai yatsu uku ake zurawa ciki ba ƙafa ba. Idan ka tura shi ƙasa, cikinta ya buɗe, kwanson da aka harba ya yi tsalle sama, kan gudumarta ya koma baya ya tsaya. Idan ka dawo da shi, sabon harsashi ya hau ya shige gurbinsa. Duk wannan kafin mutum ya gama faɗin bisimilla. Harsasan suna kwance ne a jere cikin wani siririn bututu ƙarƙashin bakin, ana cusa su ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar ƙofa a gefen dama. Shida take ci. Nauyinta bai wuce kilo uku ba, ga ta gajeriya, mutum ya ratsa sarƙaƙiya da ita ba ta maƙale ba. A gefen hagu akwai wani ɗan ƙawanya da mahayan Amurka ke ratayawa a sirdi, Baba kuwa laya ya ɗaura a wurin.

Sunanta na yanka Winchester, samfurin 1894. A jikin bakin an buga sunan garin da aka ƙera ta, New Haven, da kuma "32 W.S.", wato irin harsashin da take ci. Wani Ba'amurke da ya yi aikin asibitin mishan a ƙasarmu ne ya zo da ita. Baba ne ke yi masa jagora a daji ranakun Asabar, shi ke gane masa sawu, shi ke gaya masa inda iska ta dosa. Da zai koma gida a 1961 sai ya bar masa ita, aka yi takarda aka sa hannu kamar yadda doka ta ce, ya haɗa masa da kwali uku na harsashi, ashirin-ashirin. Sittin ke nan. Ka riƙe wannan lissafi, Malam Edita, don duk tarihin bindigar nan a gidanmu cikin sittin ɗin nan ya ƙare.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka fara yarda in bi su, ni ke ɗaukar gora da burgami. Ranar da ba na mantawa, bayan an gama girbin dawa, mun bi wani kwazazzabo da ke gangarawa kogi, mu da maharba huɗu masu bindigogin toka. Mazo ya zabura daga cikin geza. Baba ya harba ya kuskure, abin da ba kasafai yake yi ba. Wanda ya san harba-ka-ruga ya san cewa daga nan magana ta ƙare: sai ka zuba albarushi, ka cusa tsumma, ka daka, ka zuba duwatsun gubar, ka sake dakawa, kafin nan naman ya kai Kontagora. Baba bai ko sauke ta daga kafaɗa ba. Hannunsa ya yi ƙasa ya yi sama, ƙwas-ƙwas, ta sake tashi, mazo ya faɗi. Sarkin Bakan ƙauyen ya daɗe yana juya ta a hannu, ya ce, "Wagga ba bindiga ba ce, aljana ce."

Kowa na murna, Baba kuwa fuskarsa a murtuƙe har muka iso gida. Da dare na ji yana gaya wa Inna cewa yau ya yi asara, ya biya nama ɗaya da harsashi biyu. A wurinsa saurin nan da ya ba Sarkin Baka mamaki abin kunya ne, shaida ce cewa na farko bai yi aiki ba. Kwanson da ya faɗi sai an nemo shi ko da za a kai magariba ana tonon ciyawa, ya jefa cikin wani gwangwanin sigari, ya ƙirga saura. Shekara goma sha huɗu sittin ɗin nan suka yi masa.

Sau ɗaya tak na taɓa harba ta. Ina ɗan shekara goma sha biyar na dame shi da naci, ya kife wata tsohuwar ƙwarya kan suri, ya ƙirga taki hamsin, ya ce bismilla. Na samu surin, ƙwarya kuwa ko motsi. Da na tura likkafar, kwanson ya tashi sama da zafinsa ya faɗo mini cikin wuyan riga, na yi ta rawar da ba kiɗa, Baba na dariya har da hawaye. Wannan samfuri ta sama yake tofar da kwanso, kishiyarta kuwa ta kamfanin Marlin ta gefe take zubarwa, na karanta haka daga baya na ce ashe akwai waɗanda suka ji ƙunar da na ji suka nemi magani. Da ya gama dariya ya ce, "To, ka ci naka gādon harsashi tun ina raye."

Akwai abin da ya ƙi yi mata, kuma sai da na girma na gane hikimarsa. Bayan an datse kogi a Kainji a 1968, ruwa ya hau, gungu da yawa suka nutse, mutane suka tashi, dorina ta riƙa fitowa tana yi wa masu shinkafa ɓarna. An zo har gida an roƙe shi, ya ce a'a. Ya ce 'Yar Likkafa ta gada ce da mazo da barewa, idan ta yi yawa mugun dawa mai tonon rogo. Dorina kuwa sai dai ta ji mata ciwo ta koma ruwa da fushi, gobe ta kife jirgin wani bawan Allah da iyalinsa. Wasu suka ce tsoro ne. Ba tsoro ba ne, harsashin ne bai kai ba. Shi kansa Theodore Roosevelt, tsohon shugaban Amurka, da ya je farauta Gabashin Afirka a 1909, mai likkafar da ya tunkari zaki da ita wata ce daban, samfurin 1895, mai cin ƙaton harsashi .405.

Na taɓa tambayarsa me ya sa kan harsashinta a daƙushe yake, ba tsini irin na soja. Ya jera biyu a tafin hannunsa, kan ɗaya na taɓa gindin ɗaya, ya ce in duba. Haka suke kwance cikin bututun. Da mai tsini ne, girgizar harbi kaɗai ta isa tsinin na baya ya soki idon na gaba, su tashi gaba ɗaya a hannun mai ita. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya koya mini wannan, ni da na yi shekara talatin da biyar ina riƙe da alli. Shi ya sa da harsashi ya ƙare a 1975, wani maƙeri ya ce a kawo kwansunan ya sake ɗura su da albarushin gida, wani kuma ya ce zai fafe bakin ta riƙa cin wani harsashin, Baba ya ce su bar masa abarsa. Ya goge ta da man keken ɗinki, ya shafa wa icen man kaɗe, ya naɗe ta cikin bargo. Duk ranar Juma'ar farkon wata yana kwance ta ya duba tsatsa, ya tura likkafar sau biyu ya ji ƙarar, ya mayar. Haka har ya rasu a 1993.

Bayan ritaya ne na samu sukunin bin asalinta, yara na nemo mini a intanet ina karantawa. Ashe dangi ne babba. Kakarsu ita ce ta Benjamin Tyler Henry ta 1860, mai cin goma sha biyar a bututu, a zamanin da yawancin sojojin duniya ke ɗura ta baki kamar maharbanmu. Daga ita sai ta 1866 mai cikin farin tagulla, sai ta 1873 wadda aka ƙera fiye da dubu 700, irinsu muke gani a hannun kaboyi a silima muna ihu ba mu san 'yar'uwarta na ƙarƙashin gadon Baba ba. Ba kuma a silima kaɗai ta yi aiki ba. A 1877, a garin Plevna da ke ƙasar Bulgeriya ta yau, sojojin Turkiyya ƙarƙashin Usman Pasha sun tare rundunar Rasha wata biyar, kuma cikin makamansu akwai Winchester ta 1866, wadda suke ruwan wuta da ita idan abokan gaba sun matso kusa. Tamu kuwa ƙirar John Browning ce. An yi irinta fiye da miliyan 7 kafin a rufe masana'antar New Haven a 2006, kuma harsashinta da ya fi shahara, .30-30, wanda ya fito a 1895, yana cikin na farkon harsasan farauta masu albarushi marar hayaƙi. Na Baba, .32 ɗin nan, ƙanensa ne da ya biyo baya, kuma ko a can ƙasarsu bai kai shi yawa ba, balle a kasuwar Yauri.

Wani abu da karatun ya warware mini shi ne dalilin da ya sa Sarkin Baka bai taɓa ganin irinta ba. Ba ƙauyanci ba ne. A 1890 Turawa sun zauna a Brussels suka ƙulla yarjejeniyar da ta taƙaita shigo wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, aka bar mana masu ƙanƙara da albarushin fatake. Likkafa ta ci gaba a duniya, mu aka riƙe mana linzami. Da wannan bambanci sojojin Turawa suka same mu a Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Don haka duk tsohuwar bindiga mai cin harsashi da ka gani a gidan Bahaushe, akwai labarin yadda ta tsallako wannan shinge: ko kyautar Bature ga ɗan rakiyarsa, ko ta sarki, ko ta tsohon sojan da ya dawo daga Bama, ko ta biyo ayarin raƙuma. Wannan labarin nake jin tsoron wuta ta cinye.

Kafin in ga laifin kowa, bari in fara da gidanmu. Wata shekara na tafi aikin Hajji, ɗan wana, yaro mai son a yaba masa, ya ɗauko ta ya ce zai yi mini bazata. Ya sa samfefa ya kankare icen tas, har wurin da tafin Baba ya ci ya yi santsi ya yi duhu, ya malala masa fenti mai ƙyalli irin na kujera. Allah Ya taimaka ƙarfen bai gama da shi ba, gefe ɗaya kawai ya goge. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Na dawo ya tarye ni da fara'a, "Baffa, ka ga ta koma sabuwa!" Ban iya ce masa komai ba, na shiga ɗaki. Masu tara irin waɗannan bindigogi, abin da suka fi daraja shi ne a same ta yadda shekaru suka bar ta, da dusashewar launinta da tabon hannun mai ita. Wadda aka goge aka sake wa fenti kuɗinta faɗuwa yake yi warwas. Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. Sawun hannun ubana ne aka share.

Ka ji yadda wasu suke yi da nasu. A 2014, ma'aikatan wani gandun daji a jihar Nevada ta Amurka suka tsinci wata Winchester ta 1873 jingine da itace, ta yi tsatsa, icenta ya yi fari ya tsattsage. Ba su goge ta ba, ba su jefa ta a juji ba. Suka duba lambarta a kundin kamfanin, wanda ke ajiye a gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wyoming, aka ga an ƙera ta a 1882. Aka ɗauki hoton cikinta irin na asibiti, aka ga harsashi ɗaya ɓoye cikin gindin icen. Yanzu tana cikin gilashi mutane na zuwa kallo, alhali ba a ma san mai ita ba. Tamu an san mai ita, an san wanda ya ba shi, an san adadin harbin da ta yi a ƙasar Yauri. Lambarta ba ta kai miliyan ba, ta miliyan ɗin kuwa a 1927 aka miƙa wa shugaban Amurka Calvin Coolidge. Ka ga ke nan ta kusa ko ta haura shekara ɗari.

Na san abin da mai karatu zai ce: ana ta kai, wa ke ta kaya? Ya yi gaskiya, kuma ba daga nesa nake jin labarin ba. Ranar 17 ga Yuni 2021 da aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri aka kwashi yara, nan kusa da mu ne, akwai iyayen da na koyar cikin masu kuka. A makon ne na ga bai dace a ce akwai bindiga a ɗakina ba, ko da ba ta da harsashi. Idan ɓarayi suka ji labari za su zo nema, idan jami'ai suka zo bincike sai na yi dogon bayani. Na naɗe ta cikin bargonta, na haɗa da tsohuwar takardarta, na kai ta inda doka ta ce a kai, aka karɓa da mutunci aka ba ni rasit. Ba na ƙorafi da kowa. Ba kuma ina cikin masu cewa a raba wa jama'a makamai ba. Ko a 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga su kare kansu, ni jikina bai ba ni ba, don na ga yadda Baba ke ƙirga harsashi, na kuma ga yadda yaran yanzu ke ɓarinsa. Duk abin da aka ƙwato daga hannun ɓarayin daji, a ƙone, a narke, a yi garma da shi.

Amma ɓarawon daji ba ya ɗaukar 'Yar Likkafa. Me zai yi da bindiga mai cin shida, wadda harsashinta ya yanke a gidanmu tun 1975, shi da ke rataye da mai cin talatin? Ko kalmar ma an ƙwace mana. Da muna yara, 'yan bindiga su ne bayin Sarki masu jajayen riguna da ke buga adaka ranar hawan Salla, ƙasa ta girgiza, mata su yi guɗa, mu toshe kunne muna bin hayaƙin. Yau ka ce 'yan bindiga sun iso gari ka ga yadda kasuwa za ta watse. Jikana bai san ma'anar farko ba sai da na gaya masa, kuma bai yarda ba.

Roƙona ƙarami ne, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Dokar bindigogi ta 1959 ta riga ta san ba duka suka zama ɗaya ba: akwai waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai na Sufeto Janar, akwai masu ɗuri ta baki da Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba wa lasisi. To a ƙara tankaɗe ɗaya a ranar ƙonawa. Cibiyar da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro don taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, ta gayyato mutum guda daga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da tsohon maharbi guda, su zagaya tarin kafin a cinna ashana. Wadda suka ga ta tsufa ta zama tarihi, a ware ta, a kashe ta yadda ba za ta ƙara tashi ba har abada, a toshe bakin da walda a gaban shaidu, a rubuta lambarta da inda ta fito. Cikin dubu da wuya a samu goma. Wurin ajiya kuwa muna da shi a jihar nan: Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar Sarkin Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, inda masu da takubba da kwari da baka da bindigogin gargajiya ke jere. Baƙin da ke zuwa bikin kamun kifi su gani, 'yan makaranta su gani.

Ga 'yan'uwana kuma masu irin wannan gādo a ƙarƙashin gado ko cikin rumbu, don na san ba ni kaɗai ba ne daga nan har Zuru da Anka: kada a kai wa maƙeri, kada a sa samfefa, kada a gwada cusa mata harsashin da ba nata ba, tsohon ƙarfe ba ya gargaɗi kafin ya fashe. Kada kuma a sayar wa baƙon da ya zo da daɗin baki, ba ka san hannun da za ta ƙare ba. A samu dattijon da ya san labarinta tun yana da rai, a sa yaro ya rubuta: wa ya kawo ta, a wace shekara, me ta kashe, me ta ƙi kashewa. Sannan a miƙa ta ga hukuma tare da takardar.

Ni na rubuta tawa, shafi huɗu, da hannuna. Tana cikin akwati tare da rasit ɗin da gwangwanin sigarin Baba. Na ƙirga kwansunan jiya da dare, hamsin da tara ne. Ɗaya ya faɗa kogi a 1966, Baba ya yi kwana biyu yana mita. Ranar da aka ce an buɗe wa irinsu ƙofa a Argungu, ni zan hau mota in kai gwangwanin da kaina, a ajiye shi kusa da ita.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Yelwan Yauri, Jihar Kebbi.